Takardar Quimby ba ta taɓa kashe kowa ba

Duk wanda ya taso yana kallon katun ɗin Inspector Gadget ya san yadda ake ba da aiki a cikinsa. Shugaban 'yan sanda Quimby zai laɓe a kwandon shara ko wani lungu, ya miƙo wa Gadget takarda. Gadget ya karanta umarnin da ƙarfi, har da gargaɗin cewa takardar za ta fashe, sannan ya dunƙule ta ya yi jifa da ita, ta faɗa kan Quimby ta tashi da shi. Mu kuwa muna zube a kan tabarma muna ƙyalƙyala dariya, muna fatan kada a ɗauke wuta kafin a gama. An fara nuna shirin a 1983, kuma muryar Gadget ta Don Adams ce, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin ɗan leƙen asiri mai shirme a Get Smart. Ba da banza aka ɗauko shi ba.

Yanzu da muka girma, hotunan waɗannan katun sun cika wayoyinmu. Da an turo Gadget, ko 'yan matan Totally Spies, ko Perry na Phineas and Ferb da 'yar hularsa, sai kowa ya hau kewar yarinta. Ba laifi ba ne. Amma da muka sake zama muka kalle su da idon manya, wani abu ya tsaya mana a rai: babu ko ɗaya daga cikin jaruman nan da ya saba tambayar dalilin aikin da aka ba shi. Sam da Clover da Alex suna tsakiyar harkarsu ta makaranta sai ƙasa ta buɗe ta haɗiye su, su faɗo ofishin Jerry, ya ce ga mugu, ga kayan aiki, su kama hanya. Ƙorafinsu bai wuce an ɓata musu kwalliya ko an katse musu yawon kanti ba. Perry ma ko magana ba ya yi. Manjo Monogram ya bayyana a allo, ya ce a je a dakatar da Doofenshmirtz, shi ke nan.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan hali sarai, domin haka na'ura take. Ka ba ta umarnin goge komai, ta goge, ba ta tsayawa ta ce anya. Gadget kuwa dama rabinsa na'ura ne, ya kira laima ta fito daga hularsa. Abin dariyar shi ne, mai yin tunanin a shirin ita ce ƙaramar yarinya Penny da karensu Brain, waɗanda babu wanda ya ba su umarnin komai. A nan shirin ya fi yadda muka ɗauke shi wayo. Inda ya yi mana wayon da bai dace ba shi ne batun takardar: kullum wanda ya ba da umarnin ne take fashewa a kansa, ya fito baƙi ƙirin da hayaƙi, mako mai zuwa ya dawo lafiya lau.

A zahiri ba a kan mai ba da umarni take fashewa ba. Shekara biyu bayan fitowar Gadget, a daren 10 ga Yuli 1985, jami'an hukumar leƙen asirin Faransa, DGSE, suka dasa bama-bamai biyu a jikin Rainbow Warrior, jirgin ruwan ƙungiyar Greenpeace, yana tsaye a tashar Auckland ta ƙasar New Zealand. Jirgin na shirin zuwa nuna adawa da gwajin makaman nukiliya da Faransa ke yi a tsibirin Moruroa. Bayan fashewar farko, mai ɗaukar hoto Fernando Pereira ya sauka cikin jirgin, ta biyu ta tashi, ruwa ya ci shi. An kama jami'ai biyu, Alain Mafart da Dominique Prieur, da suka shigo ƙasar da fasfon Suwizalan a matsayin mata da miji. Gwamnati ta yi ta musu, sai a watan Satumba Firayim Minista Laurent Fabius ya amsa cewa jami'an DGSE ne suka nutsar da jirgin, kuma umarni suka bi. Ministan tsaro Charles Hernu ya sauka daga kujerarsa. Pereira ya bar 'ya'ya biyu.

Shi ya sa muke ganin finafinan Jason Bourne sun fi gaskiya, duk da su ma sun ɗan yi kwana. A The Bourne Identity na 2002, abin da ya karya jarumin shi ne ya je kashe wani mutum a jirgin ruwa, ya tarar da yaransa a wurin, hannunsa ya kasa. Kwanan da fim ɗin ya yi shi ne mantuwa. Tunda Bourne ba ya tuna komai, sai mai kallo ya samu damar son sa ba tare da ya ɗauki nauyin gawarwakin da ke bayansa ba, kamar dai wani ne daban ya yi kisan. Fim na biyu, na 2004, ya fara gyara wannan: Bourne ya je har Mosko ya zauna gaban wata yarinya ya faɗa mata shi ne ya kashe iyayenta, ya ba ta haƙuri. Na uku, na 2007, ya rufe ƙofar uzurin gaba ɗaya, domin ya nuna cewa da ƙafarsa ya kai kansa, kuma ya harbe wani mutum da aka rufe wa fuska ba tare da ya san laifinsa ba. Wannan wurin ya fi duk tseren motocin da ke cikin finafinan uku nauyi, ko da yake tseren ne aka fi yankowa ana turawa.

Wani zai ce katun na yara ne, me ya kawo gawa cikinsa. Haka ne, ba mu ce a sa Perry ya yi kuka a gaban kotu ba. Abin da muke cewa shi ne, shekaru muka yi ana nuna mana cewa wanda ke bayan allo ya riga ya tantance mugu, aikin jarumi kawai ya tafi, kuma muka so jarumin saboda saurin tafiyarsa. Idan kewa ta motsa, wannan ɓangaren ba ya cikin abin da muke tunawa, sai kiɗan farkon shiri da hular.

A 2015, shekara 30 bayan nutsar da jirgin, Jean-Luc Kister, jami'in da ya jagoranci masu ninƙayar da suka dasa bama-baman, ya fito fili a gaban kyamara ya nemi gafarar iyalan Pereira da Greenpeace da mutanen New Zealand. Mafart da Prieur kuwa, da aka yanke musu shekara 10, an mayar da su wani sansanin sojan Faransa a tsibirin Hao, kuma ba su cika shekara biyu a can ba suka koma gida.