Li Hongbo, Gwanin da Ke Sassaƙa Takarda

A cikin masu fasahar da ke raye yau, babu wanda aikinsa ke burge ni kamar Li Hongbo, ɗan ƙasar Sin da aka haifa a lardin Jilin a 1974. Za ka ga kan mutum-mutumi fari fat a bisa teburi, ka rantse da dutse aka sassaƙa shi. Sai ma'aikacin gidan nuni ya kama saman kan ya ja. Nan take fuska ta miƙe, hanci ya yi tsawo, goshi ya bar gira a baya, kan ya buɗe kamar zugazugin maƙeri. Da an mayar, komai ya koma mazauninsa daram. Takarda ce zalla!

Waɗannan kawuna su ne ya baje a birnin New York a farkon 2014, a gidan nuni na Klein Sun, cikin baje kolin da ya sa wa suna Tools of Study, wato kayan koyo. Siffofi ne irin waɗanda ɗaliban zane ke zama a gabansu suna kwaikwayo da fensir, har da kan David na Michelangelo. Shi ma Li ya yi wannan zaman yana ɗalibi, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa ke nan: ya ɗauko abubuwan da aka saba gani a sandare cikin aji, ya sa su motsi.

Amma a wurina, inda gwanintar take shi ne kafin a fara sassaƙa. Li yana shimfiɗa fallen takarda, ya shafa gam a jere cikin siraran layuka, ya ɗora wani falle. A kan wannan kuma sai layukan gam su faɗa tsakanin na farko. Haka zai yi ta yi, falle bisa falle, har dubbai, sai tulin ya zama dunƙule mai nauyi. Wannan saɓanin layukan ne ke haifar da ramuka irin na saƙar zuma idan an ja. Ka duba haƙurin! Duk miƙewar da za ta sa mutane riƙe baki an riga an shirya ta tun babu ido babu hanci, tun abin yana tulin takarda kawai. Bayan haka ne zai kawo zarton lantarki ya yanke gefuna, ya bi da injin gurzawa ya fitar da kunci da leɓe da nannaɗen gashi, ya ƙarasa da samfefa, ƙura ta turnuƙe ɗakin. Kuma abin da aka gurje ya tafi ke nan, ba a maido shi.

Dabarar ba daga sama ta faɗo masa ba. Ta tsofaffin kayan ado da na wasan yara ce na ƙasar Sin, irin fitilun takarda da ake buɗewa lokacin biki. Li ya yi aikin tsara littattafai, ya kuma karanci fasahar gargajiya a Beijing, don haka ya san halin takarda ciki da bai. Ya ga abin da kowa ke saye da arha a kasuwa, ya gane zai iya ɗaukar fuskar mutum.

Akwai kuma Ocean of Flowers, da aka nuna a Sydney a 2012: fili guda cike da furanni masu launi, ja da ɗorawa da shuɗi, waɗanda in ka naɗe kowanne sai ya koma siffar bindiga ko harsashi. Aiki ne mai ratsa jiki, ba na musu. Duk da haka fararen kawunan nan su ne zaɓina, domin babu launin da zai ɗauke maka hankali. Daga kaifin sassaƙa sai tsarin gam. Wanda bai taɓa gani ba ya nemi bidiyon, ya zuba ido sosai a kan lokacin da ake jan kan David, ya ga yadda leɓe ke riƙe siffarsa alhali saman kan ya yi nisa.