Natsuwar Wa Ake Nema? Tsokaci a kan Zaman Shiru na Mabiya Buddha da Waƙar Tabban Haƙiƙa

Abin da ya jawo wannan ɗan tsokaci shi ne wata gardama da ta kaure tsakanina da wani abokin karatuna a ɗakin kwana, ana saura kwana kaɗan jarrabawa. Na same shi zaune a kan katifa, ido rufe, wata murya daga cikin wayarsa tana ce masa ya shaƙi iska, ya saki, kada ya kori tunanin da ya zo masa, kada kuma ya bi shi. Da ya gama sai ya ce mini wannan shi ne maganin zamani, ya fi waƙoƙin wa'azi da zuhudu da ake ɗora mana a aji, waɗanda, in ji shi, ba su san komai ba sai kabari da wuta. Na tafi hutu gida Danchadi da maganar a raina. A can ne, ina kallon dattawan unguwarmu sun idar da asuba sun zauna da tasbaha, ba mai ce wa wani uffan har rana ta ɗago, na ga ya kamata a auna maganar abokin nan nawa da ma'aunin nazari.

Tun da farko mai karatu ya sani ba aƙida nake aunawa ba. Tafarkin Buddha bai ginu a kan imani da Mahalicci ba, don haka tsakaninsa da tauhidi akwai kogin da ba ya ƙetaruwa. Abin da nake dubawa shi ne rubutu, da abin da ya same shi a hannun masu tallarsa.

Shi dai Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ƙarni biyar ko shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga cikin jawaban da mabiyansa suka adana da harshen Pali akwai wanda ake kira Satipatthana Sutta, kuma shi ne tushen wannan zaman shiru. Jawabin ya umarci almajiri ya sa ido a kan abu huɗu: jikinsa, da abin da yake ji na daɗi ko zafi, da halin da zuciyarsa take ciki, da kuma yadda al'amura suke tasowa suna gushewa. Lura da numfashi yana nan, gaskiya ne, amma ƙofar gida ce kawai. In an shiga ciki, sai a ce wa almajiri ya ƙirga abin da ke ƙunshe cikin fatarsa, gashi da farce da hanji da majina, sa'an nan ya kawo gawa a ransa, wadda aka yar a maƙabarta, ya bi ta mataki tara, daga kumburi zuwa cin ungulu, har ƙashi ya zama gari, yana faɗa wa kansa cewa shi ma makomarsa ke nan. Ashe kabarin da abokina yake gudu a waƙoƙinmu yana nan kwance a tsakiyar littafin da aka ciro maganinsa.

To, yaya aka yi gawar ta ɓace? A 1979 wani masani ɗan Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani shiri na mako takwas a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, domin masu fama da ciwo da damuwa. Ya ɗauki numfashi da lura da jiki, ya ajiye sauran, saboda asibiti ba wurin wa'azi ba ne. Ban ga laifinsa a nan ba, marar lafiya yana bukatar sauƙi. Amma daga asibiti abin ya shiga ofisoshi, kamfanin Google ya fara koya wa ma'aikatansa a 2007, daga nan ya faɗo cikin wayoyi irin ta abokina. Aka manta cewa a wurin Buddha wannan halartar da hankali ɗaya ce daga cikin rassa takwas na tafarkinsa, kuma a cikin sauran akwai gyaran harshe da gyaran aiki da gyaran hanyar neman abinci. A 2019 Ronald Purser ya fitar da littafi mai suna McMindfulness, inda ya zargi wannan kasuwa da koya wa ma'aikaci ya jure wa wahala maimakon ya tambayi wanda ya ɗora masa ita. An ɗauke romo, an bar nama a tukunya.

Yanzu mu dawo gida. Danchadi da Sifawa ƙaramar hukumarsu ɗaya, wato Bodinga. A Sifawa ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana kusa da shi a Bodinga. Shehu Baƙadire ne mai wuridi da halwa, ya san zaman shiru fiye da yadda wata waya za ta koya wa mutum. Duk da haka shirun bai rufe masa ido ga abin da mutanensa suka fara yi ba da mulki ya zo hannunsu, kuma daga irin wannan damuwa waƙar Tabban Haƙiƙa ta fito. Da Fillanci ya yi ta, 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka kawo ta Hausa ta hanyar fassara da tahamisi.

Idan aka duba salon waƙar, za a ga kowane baiti yana rufewa da kalmomin nan biyu da suka zama sunanta. Wasu ɗalibai suna ganin wannan gajiyarwa ce. Ni kuwa ina ganin aikin wuridi yake yi, domin duk inda hankalin mai sauraro ya yi yawo, amshin zai kamo shi ya mai da shi wuri ɗaya, kamar yadda ake mai da hankali ga numfashi a wancan zaman. Bambancin yana wurin da ake mai da shi. Waƙar ba ta zo lallashin mai sauraro ba. Tana nuna mai mulki da ke cin dukiyar talakawa, da alƙali mai karkatar da shari'a, da mai bautar da ɗa, tana faɗa musu abin da ke jiransu gobe. Wato tuna mutuwa a nan bulala ce, kuma a bayan manya take sauka. Wannan shi ne abin da abokina bai gani ba lokacin da ya ce kabari da wuta kawai.

Labarin Abdullahi ma ya ƙara fito da abin fili. Wajen 1807 ya ga son duniya ya shiga rundunar jihadi, ya bar ta ya nufi gabas da niyyar hajji. Da zuhudu gudun jama'a ne, da ya wuce abinsa. Amma mutanen Kano suka tsai da shi, ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci, sa'an nan ya komo. Wannan ɓacin rai nasa yana nan cikin Tazyinul Waraƙati.

Sai dai adalci ya sa in ba abokina rabin gaskiyarsa. Ba duk waƙoƙin wa'azinmu ne suka bi sawun Shehu ba. Akwai waɗanda suka juya bulalar, suka sauke ta a kan talaka shi kaɗai, suna ce masa duniya ba wurin zama ba ce, ya yi haƙuri, ba su ce wa wanda ya ƙwace masa gona komai ba. Irin waɗannan, duk kyan karinsu da amsa-amonsu, aikinsu ɗaya da muryar da ke cikin waya. Haka kuma ba duk mabiya Buddha ne suka sayar da gadonsu ba: Thich Nhat Hanh, malamin Biyetnam da ya rasu a 2022, ya koyar da numfashin nan, kuma adawarsa da yaƙin ƙasarsa ta sa ya shafe kusan shekara 40 a gudun hijira. Mu ma masu nazari muna da namu laifin, domin sau da yawa mukan ƙare lokacinmu wajen ƙirga gaɓa da yanka ɗango, ba mu tambayi wa waƙar take nufi da yatsa ba.

Da muka komo hutu na karanta wa abokina Tabban Haƙiƙa daga farko har ƙarshe. Ya ce waƙar ta hana shi barci, ita kuwa wayarsa barci take sa shi, kuma a makon jarrabawa barcin yake so. Har yanzu da shi da ni ba mu daidaita ba.