Zob da Nidda: Gyara a kan Wa'azin Littafin Firistoci 15

Akwai wani wa'azi da ake yawan ji a ikilisiyoyinmu, wai sura 15 ta Littafin Firistoci ta ce kowane ruwan da ya fita daga jikin mutum ƙazanta ne. Kuskure ne, tushensa kuwa haɗa babbar kalma da ƙarama.

Babbar kalmar a Ibraniyanci ita ce zob, wato abin da ke malala. Daga saiwarta aka samo kalmar da ta kwatanta ƙasar alkawari mai malalar madara da zuma (Fitowa 3:8), don haka ita kanta ba ta nufin ƙazanta. A surar nan an yi amfani da ita ga ɗigar ciwo daga al'aurar namiji (aya 2-15), da jinin haila (19-24), da zubar jinin da ta wuce lokacinta (25-30). Ƙaramar kalmar ita ce nidda, wato haila. Kowace nidda zob ce, amma ba kowane zob ne nidda ba. Maniyyi kuwa sunansa dabam (16-18).

Ku lura da hukuncin. Mai fitar maniyyi wanka zai yi, ya jira maraice. Mai haila kwana bakwai ne, ba a ambaci hadaya ba. Masu ɗigar ciwo kaɗai, mace ko namiji, aka umarta su kawo tsuntsaye biyu a rana ta takwas bayan sun warke. Gumi, hawaye da fitsari ba sa cikin lissafin sam.

Mai wa'azin da ya faɗaɗa zob ya zama dukan ruwan jiki yakan ɗora wa mata masu yoyon fitsari nauyin da Shari'ar Musa ba ta ɗora musu ba. Wanda ya matse ta ta zama haila kawai, ba zai gane matar Markus 5:25-34 ba. Tata ba ta kwana bakwai ba ce, shekara goma sha biyu ta yi a ƙarƙashin aya 25. Ta taɓa tufar Yesu, bai tsawata mata ba, 'yarsa ya kira ta.

Kafin ka hau bagade da surar nan, rubuta kashi huɗun a takarda, ka ga wanne ayarka take nufi. Akwai masu irin wannan lalura zaune a gabanka.