Canjaras Ba Kokawa Ba Ne

A hutun da ya wuce na je gida, sai na tarar an liƙa takardun talla tun daga Maƙarfi har Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, wai za a yi gagarumar kokawa a wani ƙauye da ke tsakani, har da zakaru biyu daga Nijar. Kaka ta yi, masu rake da masu mazarƙwaila da 'yan kuɗi a aljihu, saboda haka tun kafin la'asar wuri ya cika. Har daga ƙasar Ikara na ga mutane bisa babura. Muka biya kuɗin ƙofa, muka shiga cikin zana, muka zauna.

Abin da muka fara saye da kuɗinmu shi ne jira. Lasifika ta yi ta kiran sunayen manyan baƙi, wannan ya yi jawabi, wancan ya yi alkawarin babur. Makaɗa kuwa, waɗanda su ne ke tsima ɗan kokawa, an ture su gefe, ba mai jin gangarsu don ƙarar janareta. Zakarun Nijar ba su zo ba, ba kuwa wanda ya fito ya ba mu haƙuri. Duk wannan mai sauƙi ne. Da aka zo karon ƙarshe gab da magariba, ƙarti biyu suka sarƙe, suka yi ta kewaya fili, kowa na gudun kai hannu ga ƙafar ɗan'uwansa. Can da ƙaramin ya yi kuskure ya ɗaga babban, sai muka ji usur. Alƙali ya ce lokaci ya cika, canjaras, a dawo mako mai zuwa. Wani tsoho kusa da ni ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Yaro, wannan ai ciniki ne."

Lalle tsohon nan ya yi gaskiya. Mai shirya wasan kuɗi ya ɗauki zakaransa tamkar jari. In aka kada shi yau, da sunan wa za a cika fili gobe? Don haka sai a yi ta tattalinsa: a haɗa shi da wanda bai kai shi ba, in kuwa an haɗu da gwani, a raba su kafin bayan wani ya taɓa ƙasa.

Da na kawo maganar nan a ɗakin kwananmu, wani abokina ya ce to mene ne, ai kokawar Turawa ta talabijin ma shiri ce, ga shi kuwa tun zamanin Power Mike, a shekarun 1970, 'yan Nijeriya ke sonta. Haka ne. Amma fa su ba su ɓoye ba. A 1989 kamfanin WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya shaida wa majalisar jihar New Jersey ta Amurka cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba, domin ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Watau wasan kwaikwayo ne, da marubutansa da jarumansa, mai kallo kuma ya san abin da ya saya. Duk da haka, a 2015 a birnin Filadelfiya, da aka ba Roman Reigns nasara a gasar Royal Rumble, 'yan kallo ihu suka yi masa, don sun ga kamfani ne ke cusa musu shi ko suna so ko ba sa so. To, in waɗanda suka san labari ne ba su yarda da zakaran da aka lallaɓa ba, ina ga mu?

Kokawarmu ba ta da marubuci. Daɗinta duka yana ga rashin sanin wanda zai faɗi. Shi ya sa ɗan kokawa ke ɗaura laya da guru, shi ya sa kirari ke da nauyi, domin mai yin sa yana iya shan ƙasa kafin ya rufe baki, 'yan matan garinsu suna kallo. A cire wannan, me ya rage? Ba gasa, ba kuma labarin da wani ya zauna ya tsara.

Mu dubi maƙwabta. Tun 1975 Nijar ke yin gasar takobi, wadda aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Jihohi 8 ne, kowace ta kawo mutum 10, kuma duk wanda aka kada sau ɗaya ya fita daga neman takobi, kome sunansa. Ba na ce can babu ƙorafi ba, akwai. Amma sa'ad da Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, kowane karo da ya shiga yana iya zama na ƙarshe gare shi, shi ya sa mutane ke manne wa rediyo har a wannan gefen iyaka.

Sarakunanmu da ƙananan hukumomin nan uku suna iya gindaya wa mai neman izinin kafa zana sharaɗi: a faɗi tsawon lokacin karo tun kafin a sarƙe, alƙali kada ya zama yaron mai wasa, wanda kuma aka sa sunansa a talla bai zo ba, a mayar wa mutane kuɗinsu.

Da mako ya zagayo ban koma ba, na tura ƙanena da kuɗin ƙofa. Ya dawo bayan isha ya ce fili ya fi na wancan mako cika, babban kuwa an ce ya gurɗe ƙafa, bai fito ba.