Aibi ko Ado? Tarken Ƙyallin Tukwanen Suleja

Masu nazarin adabi sun daɗe suna muhawara kan inda kuskure ya tsaya, salo ya fara. A wannan 'yar takarda za mu ɗora tambayar nan a kan tukwanen Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta dā, wato Suleja, a farkon shekarun 1950.

Shafin ƙyalli haɗi ne na nikakken dutse da yumɓu da toka. Akan tsoma tukunya a ciki, ko a kwarara mata shi, sannan a gasa ta a rufaffen murhu da zafin da ya haura digiri 1200, har shafin ya narke ya zama gilashi. Yayin hucewa, in shafin ya fi jikin tukunyar tsukewa, sai ya tsattsage kamar busasshiyar fadama. A ƙasar Sin, zamanin daular Song (960–1279), da gangan magina suke neman wannan tsaga, domin ado ce a wurinsu. Amma a kofi da faranti, waɗanda aka kafa cibiyar don samar da irinsu, tsaga aibi ce, domin dauɗa na maƙalewa a cikinta. Ke nan abu guda ne, manufa ce ta raba hukuncinsa. Haka abin yake a ma'aunin waƙa: zihafin da ƙwararre ya yi da sani gwaninta ce, wanda ya kuɓuce wa ɗan koyo kuwa karaya ce.

Da wannan ma'auni ya kamata a dubi aikin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, ta kuma rasu a 1984. Randunanta ginin hannu ne irin na Gwari, ɗauke da zanen kunama da ƙadangare da kada da kifi. Sai dai randar gargajiya a fili ake gasa ta, jikinta na tsatsafo, shi ya sa take sanyaya ruwa. Da aka shafe ta da ƙyalli sai ƙofofin suka toshe, nauyi ya ƙaru, ta tashi daga gindin bishiya ta koma ɗakin nune-nune, har birnin Landan a 1958.

Masu suka na ganin an yi tufka da warwara: randar da ba ta sanyaya ruwa, ina amfaninta? Ba mu musa asarar ba, amma muna ganin hukuncin ya yi tsauri. Da waƙar baka ta shiga takarda, ta rasa kiɗa da amshi, ta sami tsawon rai. Ladi ta cika zanenta da farar ƙasa, ta lulluɓe shi da shafi mai garai-garai, sai ƙyallin ya zama bawan zanen, bai zama ubangidansa ba. Zubin nata ne, jigon nata ne, wutar kaɗai aka aro.

A ƙarshe, hoton Ladi da ke bayan takardar naira 20 karramawa ce, ba nazari ba. Nazarin yana wuyanmu, kuma tambayar farko da za mu yi wa kowace tsaga, a tukunya ko a baiti, ita ce: da sanin mai ita aka yi ta?