Rabon Aiki a Cikin Manhaja

Wanda ya gwanance a rubuta manhaja bisa tsarin abubuwa ba ya gaggawar taɓa kwamfuta. Idan ka kawo masa aiki, takarda da biro zai fara jawowa, ya ce ka faɗi abin da kake so da bakinka, dalla-dalla. A ce mai karɓar adashi ne a kasuwa yake neman manhajar da za ta riƙe masa lissafi. Zai ce: "Ina da masu zubi. Kowa da asusunsa. Kullum mutum yana zuba kuɗi, ƙarshen wata ya kwashe, ni kuma in cire ladana, in ba shi rasit." Gwanin zai rubuta maganar yadda ta fito, sannan ya bi ta da biro yana ja wa sunaye layi: mai zubi, asusu, kuɗi, lada, rasit. Ya sake komawa farko yana zagaye ayyuka: zubawa, kwashewa, cirewa, bayarwa. Daga cikin sunayen za a zaɓi waɗanda za su zama abubuwa a manhajar, ayyukan kuma a raba musu.

Abu, a wannan sana'a, ƙunshi ne guda da ya haɗa bayani da ayyukan da suka shafi bayanin. Asusu ya san sunan mai shi, ya san nawa ne a cikinsa, kuma shi ne ya iya karɓar zubi da fitar da kuɗi. A tsohon salo, bayanai suna zube a gefe guda, umarni suna jere a wani gefen, kowane layi yana iya miƙa hannu ya taɓa kowane adadi. Ƙaramar manhaja tana jure wannan. Idan ta kai layi dubu goma, aka wayi gari lissafin wani ya ruguje, ba a san hannun da ya taɓa shi ba. Tsarin abubuwa ya zo da tambaya biyu da ake yi wa kowane ɓangare: wa ya san wannan, kuma aikin wa ne wannan?

Akwai kayan aikin da nake ganin ya fi kowanne amfani ga mai koyo, kuma ba ya cin wuta ko data. A 1989 wasu Amurkawa biyu, Kent Beck da Ward Cunningham, suka gabatar da dabarar koyar da wannan tunani da ƙananan katuna. A saman kati a rubuta sunan abin. A hagu a jera nauyin da ke wuyansa. A dama a rubuta waɗanda zai nemi taimakonsu. Ƙanƙantar katin ita ce hikimar: idan ayyukan abu ɗaya suka cika kati har biro ya rasa wurin sauka, an ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum biyu ke nan, sai a tsaga aikin. Masu koyo sukan zauna su uku ko huɗu, kowa ya riƙe kati, su kwaikwayi aikin da baki. Mai riƙe da katin asusu ya ce, "An zuba mini dubu biyar, na ƙara a lissafina, to wa zai rubuta rasit?" Idan kowa ya yi shiru, an gano giɓi tun kafin a rubuta layi ko ɗaya. Tun ran gini ran zane.

Wannan ɗabi'a ta kwaikwayon zahiri tana nan tun asalin sana'ar. A shekarun 1960, a cibiyar nazarin lissafi da kwamfuta ta Norwe da ke birnin Oslo, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl suna neman yaren da zai sa kwamfuta ta kwaikwayi al'amura masu ɓangarori da yawa, irin su layin jira da zirga-zirgar kaya, inda kowane ɓangare yake da halinsa. Yaren da suka ƙera, Simula, a zubinsa na 1967 ya zo da kilas da abu da gado, ginshiƙan da ake koyarwa har gobe. An ba su lambar yabo ta Turing ta 2001, wadda ta fi kowace daraja a fagen kwamfuta, kuma dukansu biyu suka rasu a 2002, tsakaninsu 'yan makonni.

Sai an gama da kati ake buɗe kwamfuta. Masu koyo da yawa suna farawa da Python, yaren da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, saboda rubutunsa ba shi da tarkace. Layin farko gajere ne: class Asusu, da ɗigo biyu a ƙarshe. Kilas bai zama asusu ba tukuna. Kamar mazubin masu buga bulo yake: ƙarfe ɗaya, amma bulo ɗari za su fito daga cikinsa, kowanne da jikinsa, kuma fashewar ɗaya ba ta taɓa saura. Layi na biyu ana matsar da shi ciki da tazara huɗu, domin da wannan matsarwa Python yake gane abin da ke ƙarƙashin wani. A nan ake rubuta def, kalmar da ke buɗe kowane aiki, sai __init__, mai ƙaramin layi bibbiyu gaba da baya. Wannan shi ne aikin da ke gudana da kansa duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon asusu. A cikinsa mai koyo zai sa self.suna = suna, sannan self._kuɗi = 0. Ba laifi a sa ɗ ko ƙ a sunayen, Python na yanzu yana karɓar haruffa masu lanƙwasa.

Kalmar self ce take fara ɗaure wa mutane kai. Nufinta, "ni, wannan asusun da ake magana da shi yanzu". Mai koyo ya rubuta na_tela = Asusu("tela"), ya kuma rubuta na_mahauci = Asusu("mahauci"). Yanzu asusu biyu ke nan. Da ya ce na_tela.zuba(5000), kuɗin tela ya koma 5000, na mahauci yana nan a sifili, ko da yake aikin zuba sau ɗaya tak aka rubuta shi. Kusan kowane sabon shiga sai ya manta da sa self a farkon wani aiki. Sai kwamfuta ta yi masa ƙorafi cewa aikin abu ɗaya yake karɓa amma an ba shi biyu. Ya duba, ya sake dubawa, 5000 kaɗai ya bayar. Ina na biyun? Na biyun shi ne asusun kansa, wanda Python yake miƙawa a ɓoye a sahun gaba. Wanda ya zauna da wannan ƙorafin har ya gano dalilinsa ya fahimci rabin tsarin. Gwanaye suna karanta saƙon kuskure daga ƙasa zuwa sama: layin ƙarshe yana faɗin irin matsalar, na samansa kuma yana nuna fayil da lambar layin da abin ya faru.

Dubi ƙaramin layin da ke gaban _kuɗi. Alama ce tsakanin masu sana'a cewa wannan na cikin gida ne, kada na waje ya taɓa. Python ba ya kulle shi, ya bar wa mutane amana. Java kuwa, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, yana da kalmar private, kuma idan ka keta ta, manhajar ba za ta ma haɗu ba. Wannan shi ake nufi da killacewa. Kuɗi ba ya shiga sai ta zuba, ba ya fita sai ta cire. A bakin kowace ƙofa gwani yana kafa sharaɗi: idan adadin zubi sifili ne ko ƙasa da haka, a ƙi, idan abin da za a cire ya fi abin da ke ciki, a ƙi, a kuma faɗi dalili. Ranar da lissafi ya karkace, wuri biyu kawai za a bincika. Akwai kuma wani sani da ba ya fitowa a fuskar rubutun. Gwani yana ajiye kuɗi a matsayin kobo, cikakkiyar lamba, ba naira da ɗigo ba, domin kwamfuta ba ta riƙe gutsuren lamba daidai: ka tambayi Python 0.1 + 0.2, zai ba ka 0.30000000000000004.

Wani tarkon ya fi wannan ɓoyuwa. Mai koyo yana son kowane asusu ya riƙe tarihin zubinsa, sai ya ajiye jerin kai tsaye a ƙarƙashin kilas, bai sa shi cikin __init__ ba. Kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Sai dai zubin tela zai riƙa bayyana a tarihin mahauci, domin jeri ɗaya ne duk asusun suke tarayya a kansa. Haka nan idan ya rubuta wani = na_tela, bai samar da sabon asusu ba, suna na biyu ya raɗa wa tsohon, duk abin da ya cire ta wannan sunan daga kuɗin tela ya fita. Maganin da masu koyarwa suka daɗe da sani shi ne zane: akwati ga kowane abu, kibiya daga kowane suna zuwa akwatinsa. Kibiya biyu suka sauka a akwati ɗaya, asiri ya tonu. Wanda ya kwanta yana kallon bidiyon darasi ɗaya bayan ɗaya, ko ya kwafo rubutun wani ya manna, ba ya haɗuwa da waɗannan tarkuna, don haka ba ya sanin akwai su. Mai zama da madannai yana bugawa da yatsunsa, yana ɓatawa yana gyarawa, shi ne ke tsintar su ɗaya-ɗaya.

Daga nan sai gado. A ce mai adashin yana ɗaukar zubin kwana ɗaya a matsayin lada, amma 'yan ƙungiyar teloli rabi yake karɓa a wurinsu. Ba sai an sake rubuta komai ba. A buɗe sabon kilas da class AsusunƘungiya(Asusu), shi ke nan ya gaji suna da kuɗi da zuba da cire. Aikin lada kaɗai za a sake masa. Ƙarshen wata manhaja ta bi asusu ɗari biyu tana yi wa kowanne tambaya ɗaya, nawa ne ladanka, kowanne ya amsa bisa ƙa'idarsa. Mai tambayar bai damu ya san wane iri ne a gabansa ba. Wannan ɓangaren na aika saƙo, kowa ya amsa bisa ƙa'idarsa, shi Alan Kay ya fi ba muhimmanci. Shi ne ya raɗa wa tsarin suna, kuma da shi da Dan Ingalls da Adele Goldberg suka gina yaren Smalltalk a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a shekarun 1970. Kay ya karanci ilimin halittu tare da lissafi, sai ya ɗauki abubuwa kamar ƙwayoyin halitta na jiki, kowace a rufe cikin fatarta, ba sa hulɗa sai ta saƙo.

Gado yana da daɗi, shi ya sa sabon shiga yake wuce gona da iri a kansa, ya jera kilas a kan kilas har hawa biyar. A ganina nan ne ake bambanta wanda ya haddace da wanda ya gane. Barbara Liskov ta jami'ar MIT ta shimfiɗa ƙa'ida a 1987: duk inda uba ya dace, dole ɗa ya iya tsayawa a wurin ba tare da wani abu ya lalace ba. Ɗauki asusun tarin kuɗin layya, wanda ba a taɓawa sai Babbar Salla ta matso. Da ganin farko asusu ne, a ba shi gado. Amma Asusu ya yi alkawarin fitar da kuɗi duk lokacin da suka isa, wannan kuwa zai ƙi. Ɓangaren da ke biyan kowa a ƙarshen wata zai zo kansa ya tsaya cak. Gwani sai ya koma ga katunansa, ya ware ƙa'idar cirewa ta zama abu mai zaman kansa, kowane asusu ya riƙe tasa, mai biya kuma ya fara tambaya ko lokaci ya yi.

Saura gwaji. Ga kowane alkawari, ana rubuta 'yan layuka masu tabbatar da shi: a buɗe asusu, a zuba 5000, a cire 2000, a duba ko 3000 ya rage; a nemi cire 9000, a duba ko an ƙi. Gwaje-gwajen suna zama a fayil nasu, ana gudanar da su gaba ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan. Bayan wata uku mai adashi zai dawo ya ce ya sauya lada, kuma yana son rasit ya riƙa zuwa wa mutane ta waya. Mai manhajar zai buɗe aikin lada ya gyara layi ɗaya. Ya ɗauko sabon kati ya rubuta masa suna, rasit na waya, da nauyi guda: karɓar bayanin zubi da tura shi. Asusu ba zai san an sauya rasit ba, domin saƙon da yake aikawa bai canza ba. Sannan ya gudanar da gwaje-gwajen daga na farko har na ƙarshe, ya ƙara sabo guda na rasit ɗin waya, kafin ya miƙa wa mai aiki.