Shayin La'asar na Ingila: Ladabi Ne ko Tantance Matsayi?

Wasu littattafan koyar da kula da gida sukan kawo shayin la'asar na Ingila a matsayin misalin wayewa, kamar dai al'ada ce da Turawa suka gada tun kaka da kakanni. Ni ban gamsu da yadda ake gabatar da shi ba, kuma ina ganin ya kamata malamai su san dalili kafin su isar da shi ga ɗalibai.

Da farko, al'adar ba ta kai shekara 200 ba. Ana danganta ta ga Anna, matar basaraken Bedford, wajejen 1840. A wancan zamani manyan gidaje ba sa cin abincin dare sai kusan ƙarfe 8, saboda haka ta riƙa sa a kawo mata shayi da burodi da man shanu da la'asar don rage yunwa, daga baya ta fara gayyatar ƙawayenta. Wato abu ne na matan da ba su da wani aiki a wannan lokaci. Leburan masaƙa yana bakin injinsa. Nasa shayin sai ya tashi aiki, ya haɗa da abinci mai nauyi.

Wasu daga cikin ƙa'idojin ba su da aibi. Uwargida ce ke zuba wa baƙi, ba a kaɗa cokali har ya riƙa bugun kofi, ba a barinsa a ciki idan za a sha. Akan fara da yankan burodi mai kokwamba, sai wata 'yar gurasa da suke kira sikon, a rufe da kek. Ko a kan sikon ɗin ma ba su daidaita ba: mutanen Devon suna fara shafa kirim sannan jam, na Cornwall kuwa jam ne farko.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne batun madara. A zuba ta kafin shayi ko bayansa? Ana cewa kofin talaka kan tsage da zafi, don haka yake fara zuba madara, mai kofin tangaran na ƙwarai kuwa ba ruwansa. Ko labarin gaskiya ne ko ƙagagge, amfanin da aka yi da shi bai ɓuya ba: da ganin hannun mutum an san gidan da ya fito. Wannan awon asali ne aka lulluɓe da sunan ladabi. Marubuci George Orwell, a wata maƙala ta 1946, ya jera ƙa'idoji 11 na haɗa shayi, ya zaɓi a sa madara daga baya, amma hujjarsa ita ce a iya auna yawanta. Wannan aƙalla hujja ce da hankali zai ɗauka.

Babban giɓin littattafan shi ne shirunsu game da inda kayan suka fito. Ingila ba ta noma ganyen da take sha a lokacin. Daga Sin ake sayo shi, kuma da kuɗin kayan mayen ofiyom na Indiya ake cike cinikin, abin da ya jawo yaƙin 1839 zuwa 1842, daidai shekarun da matar basaraken ke shirya teburinta. A 1848 Kamfanin Gabashin Indiya ya tura Robert Fortune ya kwaso irin shayi daga Sin a ɓoye don a dasa a Indiya. Sukarin kuwa, shekaru aru-aru bayi 'yan Afirka ne suka noma rakensa a tsibiran Karibiyan, kuma sai a 1833 majalisar Ingila ta yi dokar 'yanta su. Shi kansa Orwell a Indiya aka haife shi a 1903, mahaifinsa yana ma'aikaci a sashen gwamnati mai kula da ofiyom.